Garmar da Reino Ya Ƙera wa Hilka

A garinmu ba a binne mutum daga ƙarshen Nuwamba sai an shiga Mayu. Ba dokar coci ba ce, babu kuma wanda ya taɓa rubuta ta. Maƙabartar ce a kan tudu, mil guda da ɗoriya daga babban titi, motar sharar ƙanƙara ta hukuma kuwa iyakarta titi. Iskar da ke tasowa daga tabki ita ma ba ta zauna banza ba: ta kwashe dusar ƙanƙarar da ke kan tudun, ta jibge ta a kan hanyar hawa, ta bar ƙasar maƙabarta tsirara har ta daskare ta koma dutse. Saboda haka duk wanda ya ga damar mutuwa a cikin sanyi, sai a yi masa addu'a a coci, a kai akwatinsa wani ɗan ɗakin dutse da ke gindin tudun, a ɗora shi a kan kanta, a ja ƙofa a kulle. Ɗakin jira muke ce wa wurin.

Elma Rautio ta shiga ɗakin jira ranar ashirin da biyu ga Nuwamba. Bayan kwana tara likita ya zaunar da Hilka Salmela da mijinta Reino, ya ɗauko hoton cikinta, ya shiga kewaye-kewaye, yana faɗar magana yana haɗiye rabi. Hilka ta bar shi ya gaji don kansa, sannan ta ce, "Ɗan nan, wata nawa ya rage mini?" Ya ce biyu, in an yi sa'a uku. Ta yi masa godiya, ta juya ta tambayi Reino inda ya ajiye mata safar hannu.

A hanyar gida abin share gilashin mota yana ta ƙara. Sai da suka zo mararrabar maƙabarta, inda ake hango rufin ɗakin jira, Hilka ta ce, "Ni dai ba zan shiga can ba."

"Ina?" in ji Reino.

"Kada ka yi mini kamar ba ka gane ba, tsoho. Wata uku ko huɗu a ɗaki ɗaya da Elma, ba taga, ƙofa a kulle. Shekara talatin ina haƙuri da ita a kicin ɗin coci, amma can ko ba komai ina iya fita in sha iska."

"Ai yanzu ta yi shiru."

"Kai ka faɗa."

Reino bai ja maganar ba, don shi ma ya san Elma. Ita ce ta taɓa cewa, a gaban matar fasto, burodin nisu, mai zaƙin nan, na Hilka yana da daɗi ƙwarai ga wanda haƙoransa suke da ƙwari. Tun ranar suke gaisawa da fara'a mai yawa, irin wadda ke sa sauran mata su matsa gefe.

Sai da suka isa gida, ta dafa kofi, ta zuba masa, sannan ta faɗi ainihin maganar. Tana kallon butar ne, ba shi ba.

"Ina shekara sha ɗaya mamata ta rasu, a Janairu. Muka yi kuka, muka gaji, muka fara cin abinci kamar mutane. Mayu na kamawa aka fito da ita, muka koma farko. Baba bai sake miƙewa daidai ba. Ba na so ka binne ni sau biyu, Reino. Kai ko sau ɗayan ma ban tabbata za ka iya ba."

Maganar ta soke shi har ƙashi. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, ko lokacin da itace ya danne shi a daji. Amma Reino mutum ne da in ya yi magana goma a yini sai ya ji ya yi surutu. Ya juya cokali a cikin kofin da babu sukari, ya ce, "To."

Da ƙarfe takwas ya riga ta kwanciya, kamar yadda ya saba duk sanyi shekara hamsin da ɗaya. Gadonsu yana da gefen bango da gefen taga. In ka tsaya ta wajen ƙafafu, na bango ne a hagu, kuma asali na Reino ne, don da rani can yake kwana babu mai tada shi. Da sanyi kuwa sai ya shiga ya kwanta ya ɗumama wurin, ita tana can tana wanke kofuna tana ja wa kyanwa kunne. In ta gama ta zo ta tsaya a kansa ta ce, "Matsa." Shi kuma ya mirgina zuwa gefen taga, inda zanen gado yake kamar an ciro shi daga rijiya. Bai taɓa yin ƙorafi ba, ita ma ba ta taɓa cewa ta gode ba.

Washegari ya tafi gidan Arnold Jukuri. Jukuri ne mai haƙa mana kabari, da wata 'yar katafila da ta girmi wasu daga cikin waɗanda ta haƙa wa. Reino ya same shi yana cin fasti, burodin nan mai nama da dankali a ciki, a tsaye a bakin murhu, ya gaya masa abin da ke tafe da shi ba tare da ya cire hula ba.

Jukuri ya gama tauna tukuna. "Allah ya ba ta sauƙi," ya ce. "Amma ka san injina. In daskarewar ƙasa ta wuce zurfin ƙafa ɗaya, sai dai ya yi ta susar ƙasa."

"Na sani."

"To abu biyu ne. Ka buɗe mini hanya har sama, yadda motar gawa za ta hau. Kuma ka lulluɓe wurin. Ciyawa ba ta zama a tudun nan, iska ce ke rabawa maƙwabta. Ƙanƙara za ka tara, tsayin mutum, ita ce bargon da ke hana ƙasa daskarewa, kada ka bari ta yi ƙasa. In ka riƙe haka, ko a tsakiyar Fabrairu ƙasar za ta yi laushi kamar burodi."

"Burodin wa?"

"Ba na Hilka ba," in ji Jukuri, ya sake gatsar fasti. "Da me za ka share mil guda, mutumina? Da shebur? Ka tuna kai ma an haife ka da daɗewa."

Reino yana da babur mai ƙafa huɗu wanda yake jan itace da shi, yake kuma ɗauko barewa in ya yi sa'ar farauta. Garmar sharar ƙanƙara ce ba shi da ita. Ana sayar da irinta a gari, amma mutumin da ya yi shekara arba'in yana walda a kamfanin katako ba ya sayen ƙarfen da wani ya lanƙwasa. A ganinsa hakan daidai yake da ka biya wani ya tauna maka abinci. Ban da haka, mai shagon ɗan'uwan Elma ne, kuma zai yi tambaya.

Ya shiga gareji ya kunna murhun itace. A bayan garejin akwai tsohon tankin ruwan zafi da suka cire shekara shida da ta wuce, wanda Hilka ta ce a zubar sau shida. Ya janyo shi, ya ɓare rigar, ya yanke kan da gindin, ya tsaga shi biyu a tsaye. Rabin tankin ya fito da lanƙwasa daidai yadda garma take so, don ƙanƙara ta naɗe ta mirgina gaba maimakon ta haye sama. Ya tsaya yana kallonsa har ya ɗan ji daɗi, sai ya tuna dalilin aikin, daɗin ya koma inda ya fito.

Ƙarfen tanki siriri ne, yana bukatar haƙarƙari. Reino ya hau sama ɗakin 'yarsu Sanna, wadda ta yi aure can kudu inda ko rigar sanyi ba su da ita, ya kwance gadonta, ya jingina katifar da bango, ya sauko da ƙarafan. Hilka tana zaune a falo da bargo a gwiwa, ta bi shi da ido.

"In yarinyar ta zo jana'iza a ina za ta kwana?"

"A ƙasa. Tana da ƙuruciya."

"Shekararta arba'in da takwas."

"Shi ne na ce."

Kwana uku yana ciki. Ya yi wa bayan tankin haƙarƙari huɗu da ƙarfen gado. Ya ɗaure wa bakin ƙasa wani dogon ƙarfe mai kauri da ya tsinta tuntuni a gefen titi, don shi ne zai ci ƙasa. Ya haɗa hannaye biyu da bututu, ya kai su har ƙarƙashin cikin babur ya ɗaure da noti. Ya yi sandar ɗagawa a gefen dama, da sarƙa, yadda zai ja garmar ta tashi, ya saki ta sauka. Ya sa wa tayoyin baya sarƙa, ya ɗora buhun yashi biyu. Fenti kuwa wanda ya samu ya shafa, ragowar na ƙofar ɗakin wankan tururi, shuɗi mai haske. Da ya fito da abin tsakar gida, sai ka ce babur ne ya ɗauko bahon wanka a baki.

Ya gwada a ƙofar gida. Tafiyar farko ƙanƙara ta naɗe ta zube gefe kamar yadda ya tsara. Ta biyu ma haka. A ta uku ya ƙara wuta, don mutum ne shi ma. Abin da ya manta shi ne duwatsun da Hilka ta jera a bakin lambunta, waɗanda shi da kansa ya ɗauko mata daga bakin tabki. Bakin garma ya sami dutse. Garma ta tsaya, babur ya tsaya, Reino ne kawai bai tsaya ba. Ya wuce ta saman hannun babur ya shige cikin tarin ƙanƙara da ka, takalmansa a waje.

Hilka ta tura tagar kicin ta buɗe. Ta jira har ya fito ya zauna yana tofar da ƙanƙara.

"Tsoho, ni aka ba wata uku. Bi layi."

Ya koma gareji da ƙugu a karkace. Laifinsa ne, kuma ya sani: ya haɗa garmar da hannayenta gam, babu inda za ta ba da kai in ta haɗu da abin da ya fi ƙarfinta. Ya yanke waldar, ya yi mata maƙalai a ƙasa yadda za ta iya kifawa gaba, ya ciro sifirin biyu na ƙofar gareji ya ɗaure ta da su ta sama. Yanzu in ta bugi dutse sai ta rusuna, ta haye, sifirin ya dawo da ita tsaye. Ƙofar garejin kuwa daga ranar sai da sanda ake tokare ta.

Ranar takwas ga Disamba ya fara hawa tudun. Ya ɗauki awa huɗu kafin ya kai ƙofar maƙabarta, yana turawa, yana ribas, yana sake turawa. Wurinsu yana can gefen gabas, taku goma sha biyu daga itacen sida. Shekara tara ke nan da Hilka ta sa aka yi musu dutse guda mai suna biyu, irin shimfiɗaɗɗen nan da ke kwance daidai da ƙasa don kada ya hana injin yankan ciyawa wucewa. Sau ɗaya Reino ya taɓa zuwa ganinsa, kuma abin da ya duba kawai shi ne ko an bar wurin shekarar mutuwa babu rubutu. Yanzu ya laluba da shebur har ya ji gefen dutsen. Ƙanƙara mai tauri ta rufe fuskarsa kamar gilashin da ya yi hazo. Bai tsaya fasa ta ba. Karanta me? Ya tsaya ta wajen ƙafafu, ya duba hagu. Shekara hamsin da ɗaya ya san gefen da matarsa take kwana da sanyi.

Sai ya hau tarawa a hagu. Ƙanƙarar kan tudun ba ta da yawa, dole ya karkato ta daga ko'ina: daga kan hanya, daga jikin shinge, daga kan iyalan Tervo waɗanda sun daɗe a ƙasa ba su da abin da za su rasa. Mafi kusa kuma mafi sauƙi shi ne gefen dama, wanda ya ɗauka nasa ne. Wannan kullum yana kankare shi har sai busasshiyar ciyawa ta fito. A ransa ya ce shi ba sauri yake ba.

Haka ya riƙa yi kowace safiya. Ya ba Hilka magani, ya dafa mata fate-faten hatsi ta ci cokali uku ta ce ya cika ruwa, ya sa itace a murhu, ya hau babur. Iska ta cike hanyar cikin dare, shi ya buɗe ta da safe. Ranar da aka yi guguwa sau biyu ya hau. Gashin bakinsa yakan daskare ya haɗe da gyale, sai ya zauna a gaban murhu kafin ya iya buɗe baki, ko da yake babu wanda ya lura da bambanci.

Gari kuwa ya samu abin magana. Daga babban titi ana hango tudun fari a kan tudu, kullum yana ƙara tsayi, ga hanya a share tas zuwa wurin da babu mai zuwa. A shagon shan kofi wasu suka ce ƙauna ce, wasu suka ce gaggawa ce, tunda matar tana nan da ranta. Fasto ya tare shi bayan sujada ya ce masa, cikin taushin murya, lokaci a hannun Ubangiji yake. Reino ya ce haka ne, amma ƙasar a hannun iska take. Jukuri ya hau sau ɗaya bayan Kirsimeti da doguwar sandar ƙarfe, ya soka ta gefen tarin har ta shige ƙasa, ya zaro ya duba laka a bakinta. Ya ce, "Ci gaba."

Kullum in ya dawo Hilka takan tambaya. "Ya kai ina?"

"Kafaɗata."

"Jiya ma kafaɗarka ka ce."

"Yana zama ne. Ƙanƙara tana zama."

"Ko kai ne kake miƙewa."

A tsakiyar Janairu, wata rana da iska ta huta, rana ta fito, ta ce tana so ta gani da idonta. A lokacin ta rame har zoben aure ya koma babban yatsa. Reino ya ce a'a. Ta ce ba tambayarsa take ba. Ya shimfiɗa katifar Sanna a cikin akwatin da yake jan itace a kan ƙanƙara, ya naɗe Hilka da bargo huɗu da tsohuwar rigarsa ta farauta, ya sa mata kwalbar ruwan zafi a ƙafa, ya ɗaura akwatin a bayan babur. Suka bi gefen titi a hankali. Da suka zo daidai ɗakin jira ta ɗaga hannu daga cikin bargo ta yi masa alama ya ƙara wuta.

A sama ya kashe injin. Wurin ya yi tsit. Hilka ta dubi itacen sida, ta dubi tarin da ya fi Reino tsayi, ta dubi filin da ke damansa, a kankare, ciyawa a daskare kamar gashin burushi. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ne nawa?"

"Shi ne."

"Ka tabbata?"

"Hagu. Gefen bango."

Sai ta fara dariya. Dariyar ba ta da ƙarfi, don babu inda za ta fito, amma ta daɗe, har ta koma tari, har ya durƙusa ya riƙe ta. Ya tambaye ta abin dariya. Ta share ido da bakin bargo.

"Ba komai. Ya yi kyau, tsoho. Ka iya aiki." Ta dubi garmar. "Fentin ne dai bai yi ba."

Bai taɓa jin ta ce ya iya aiki ba. Ya tayar da babur da sauri, don kada ta ga fuskarsa.

Ta rasu ranar sha ɗaya ga Fabrairu da hantsi, bayan ta kurɓi kofi ta ce ya yi salam. Reino ya zauna a bakin gado yana riƙe da kofin har ya huce. Sannan ya kira fasto, ya kira Sanna, ya kira Jukuri. Da ya ajiye waya bai san abin da zai yi da hannuwansa ba, sai ya fita ya share hanyar maƙabarta, ko da yake ya riga ya share ta da safe.

Ana gobe jana'iza suka hau tare da Jukuri, katafila a gaba, babur a baya. Sanyin ranar irin wanda ke sa hanci ya manne ne. Reino ya sa garma ya fara rushe tarin da ya yi wata biyu yana ginawa. Bai ɗauki awa guda ba. A ƙarƙashi ciyawa ta fito a kwance, jiƙe, har da ɗan kore-kore. Jukuri ya taka wurin, takalminsa ya nutse.

"Kai, mutumina," ya ce. "Ko a Yuni ban cika samun irin wannan ba."

Ya je kan dutsen don ya ja igiyar awo. Ƙanƙarar da ke fuskarsa ta yi laushi a gefen da tarin ya rufe. Ya goge ta da safar hannu. Ya tsaya. Ya ɗauko butar kofinsa ya zuba a ɗaya gefen, ya kankare da wuƙa. Ya sake tsayawa, ya daɗe a durƙushe.

"Reino. Zo ka karanta."

Reino ya zo. A hagu an rubuta Reino Salmela, da shekarar haihuwarsa, da fili. A dama an rubuta Hilka Salmela.

"Haka ake yi," in ji Jukuri, a hankali. "Miji a hagu, mace a dama. Duba na Tervo. Duba na kowa. A littafin maƙabarta ma haka yake."

Ya ɗauki sandar ƙarfe ya je gefen dama, ya ɗaga da hannu biyu ya buga. Sandar ta yi ƙara kamar an bugi ƙararrawa, ta yi tsalle ta dawo. Ya sake bugawa a wani wuri, haka. Ya jingina da sandar yana haki.

"Ka kankare shi da kyau. Daskarewar nan ta kai ƙafa biyar in ba ta fi ba. Ko na kwana uku ina hura wuta a kai ba zan kai ba." Ya dubi gindin tudu, inda rufin ɗakin jira yake. "Wata uku ne kawai, Reino. Ba za ta sani ba."

Reino ya dubi filin da ya kankare. Abu ɗaya ta roƙe shi a shekara hamsin da ɗaya, ya kuma ce to, sannan ya hau tudun nan sau sittin da wani abu yana daskarar mata da wuri da hannunsa. Ya ji kamar ya zauna a ƙasa. Sai dariyar nan ta Janairu ta faɗo masa. Ita ce ta je wajen mai sassaƙa, ita ta zaɓi dutsen, ita take zuwa duk rani tana cire masa ciyawa. Ta san gefen da sunanta yake kamar yadda ta san inda take ajiye gishiri. Ta gani sarai a ranar, ta kuma bar shi ya ci gaba, don ta san abin da zai yi in an zo nan.

Ya tako ya tsaya a tsakiyar ƙasa mai laushi.

"Haƙa nan."

"Naka ne fa."

"Na ji."

"Sunanka ne zai zauna a kanta."

"Rabinsa, Salmela, ta daɗe tana amsawa."

Jukuri ya sosa ƙeya ta ƙarƙashin hula. "Littafin fa?"

"Kai ne mai littafin, Arnold. Da fensir kake rubutawa, na sha gani."

Jukuri ya dubi dutsen, ya dubi shuɗiyar garmar da ta lotse a wuri uku, ya dubi Reino. Ya ja hanci.

"To ka sani, wancan gefen ba zai saki ba sai ƙarshen Mayu. In ka kuskura ka mutu kafin nan, kai da Elma ne."

"Zan yi ƙoƙari."

Jukuri ya ja igiyar awo, ya kafa turaku huɗu, ya hau katafila. Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Ya ɗaga cokalin haƙa ya kawo shi daidai kan wurin, ya tsayar da shi a sama. Reino yana nan tsaye a tsakanin turakun, hannu a aljihu, kansa a ƙasa, takalmansa sun nutse a laka har idon sawu. Jukuri ya ba shi minti ɗaya, ya ƙara masa wani. Sannan ya rage ƙarar injin, ya leƙo.

"Matsa," ya ce.

Reino ya zare ƙafa ɗaya, ya zare ɗayar, ya koma gefen dama ya tsaya.